Jan Zaku, da waɗanda ke cikin kore

 Yau na aje zancen farashin hatsi da na hanyoyinmu da ruwa ya cinye, zan yi muku maganar katun, abin nan da muke ce ma desan anime. Na san wani zai ce mutum da furfura a gemu ya rasa abin rubutawa sai kallon yara. Ku yi mini haƙuri dai ku bi ni a hankali.

Sunan abin Zaku. Mutum-mutumi ne na ƙarfe, robon yaƙi, tsayinsa mita 17 da rabi. Wanda ya taɓa tsayawa gindin hasumiyar masallacin Agadez, wadda ke da mita 27, to ya ɗauki kashi biyu cikin ukunta ya sa mata ƙafafu da hannuwa, ya miƙa mata bindiga. Ido ɗaya tal gare shi, yana yawo cikin tsagar fuska daga hagu zuwa dama kamar fitilar mai gadi. Akwai bututai da suka fito daga bakinsa suka zagaya ƙeya. Kafaɗar dama garkuwa, ta hagu ƙayoyin ƙarfe. Bindigarsa harsashi mai faɗin milimita 120 take ci, kuma yana rataye da gatari mai zafi wanda ke narka ƙarfe. Mutum ne ke shiga cikin ƙirjinsa ya zauna ya tuƙa shi. Babu shi a duniya, ba a taɓa yin shi ba. Wani mai zane ɗan Japan, Kunio Okawara, shi ya zana shi don wani fim mai suna Mobile Suit Gundam, wanda aka fara nunawa a talabijin ɗin Japan ranar 7 ga Afrilu 1979.

Zaku kore ne, irin koren kakin soja. Dubbai ne, duk kama ɗaya. Amma akwai guda wanda aka shafa ma jan fenti, aka kafa mishi ƙaho ɗaya a goshi, alamar kumanda. Shi ne duniya ta sani, shi ne kuma na zo mu yi hira a kansa.

Mu da muka tashi da kallon kaset a gidan bidiyo, robon da muka sani shi ne Goldorak. Shi ma ɗan Japan ne, ta Faransa ya biyo, inda aka fara nuna shi a 1978 ya rikita yaransu, daga nan ya gangaro wajenmu da faransancinsa. Goldorak guda ne, ba ya da na biyu. Kowane kashi sai a aiko mishi dodo, ya yi kirari, ya raba dodon biyu, mu yi ihu mu watse. Ba wanda ya taɓa tambayar ko dodon na da uwa. Gundam kuwa ban gan shi ba sai da na girma, a waya, da fassarar faransanci a ƙasan hoto, wani matashi mai saka finafinai a kati ya tura mini. Zanen tsoho ne, wani wurin ma har ka yi dariya, fuskar mutum ta karkace, hannu ya fi ƙafa tsawo. Amma tun kashi na farko na gane wanga ba irin Goldorak ba ne. A nan robo kayan aikin soja ne kamar tanka ko kamyo. Ana ƙera shi a masana'anta, harsashi na ƙare mishi, ana jiran kayan gyara su iso, wani lokaci ba su isowa.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Mutane sun yi ma ƙasa yawa, sai aka gina manyan garuruwa na ƙarfe a sararin samaniya, kamar gangunan da ke juyawa, aka kwashe jama'a aka zuba ciki. Masu mulki suka yi zamansu a doron ƙasa suna juya na sama. A shekara ta 79 ta sabon lissafinsu, rukunin garuruwan da ya fi nisa da ƙasa, wanda ya sa ma kansa suna Zeon, ya ce ya ɓalle, ya ɗauki makami. Kukan nasu na da tushe, don an danne su. Sai dai gidan da ya ƙwace ragamar, gidan Zabi, ƴan kama-karya ne na bugawa a jarida, har uban da kansa ya kwatanta babban ɗansa Gihren da Hitler. A farkon yaƙin suka kashe mutanen wani gari na sama da iskar guba, suka turo garin gaba ɗayansa ya faɗo ƙasa. Hedikwatar sojan tarayya da ke Kudancin Amurka suka nufa, abin ya kauce ya sauka kan birnin Sidni na Ostareliya. Mai ba da labari na gaya maka tun a buɗewa cewa cikin wata ɗaya da ɗan kai, rabin ƴan Adam sun mutu. Ku tuna fa, fim ne da ake nuna ma yara da maraice.

Da Zaku Zeon ta yi wanga aiki. Ƙaramar ƙasa ce, ba ta da yawan jiragen tarayya, amma ta riga kowa ƙera robon yaƙi. A wani babban gumurzu da ake kira yaƙin Loum, wani matashi ɗan kimanin shekara 20 ya nutsar da manyan jiragen yaƙi 5 shi kaɗai, cikin jan Zaku. Sunansa Char Aznable. Ana furta shi Sha, kuma in kunnenku ya ji kamar kun san sunan, ba ku yi kuskure ba, daga sunan mawaƙin Faransa Charles Aznavour aka yanko shi. Yana rufe fuska da wani abu kamar takunkumi, ga hular kwano, ga jan kaki. Aka yi mishi laƙabi da Jan Tauraro mai wutsiya. Ranar da ya fara tunkarar jirgin jaruman fim ɗin, mai kallon na'ura ya firgita ya ce ga wani Zaku nan tafe da gudu ninki uku na sauran. Wanga “ninki uku” ya zama abin barkwanci a Japan har yau, duk abin da aka shafa ma ja sai a ce ya ninka gudu sau uku.

Mutane da yawa na cewa daga wani matuƙin jirgin Jamus na yaƙin duniya na farko aka ɗauko dabarar, Manfred von Richthofen, wanda ya shafa ma jirginsa ja don kowa ya san shi ne. An lissafa mishi jirage 80 da ya kakkaɓo, aka harbe shi a Afrilun 1918 yana da shekara 25.

To amma ga abin da ya tsaya mini a rai. Littattafan bayani da kamfanin ya fitar daga baya sun ce jan Zaku bai fi koren ƙarfin inji ba sai da kimanin kashi 30 cikin 100. Bindiga ɗaya, gatari ɗaya, ƙarfen jiki kusan ɗaya. Jan ma, in ka duba tsohon zanen da kyau, ya fi kama da ruwan hoda. Sauran duk gwanintar matuƙi ce, da suna, da tsoron da sunan ke sa ma mutane. Kuma ranar da ya haɗu da Gundam, farin robon da tarayya ta ƙera a ɓoye, harsashinsa ko kwarzane bai yi ba, sai da ya koma harbi da ƙafa kamar jaki. Wanda ke cikin farin kuwa yaro ne ɗan shekara 15, Amuro Ray, wanda ya shiga ciki da littafin koyon tuƙi a kan cinya.

Mu Hausawa ba baƙin wanga abu ba ne. Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a Damagaram ko a Maraɗi ya san inda ido ke tafiya. Kan barde yake tafiya, mai lifidi da kwalkwali da doki mai ado, wanda maroƙi ke bi da kirari. Zagin da ke gudu a ƙasa cikin ƙura, riƙe da linzami, ba ka jin an ambaci sunansa. Haka ma in tsofaffi na ba da labarin yaƙoƙin da, sunan sarki da na jarumawansa ake kawowa, dakarun da suka bi su da baka da kwari sai dai a ce “aka kashe mutane da yawa”. Kalmar Zaku ɗin ma, an ce tana da dangantaka da wata kalmar Japananci mai nufin ƙananan kifaye, tarkacen da ba a kulawa da su, da kuma ƙarar takun sojoji in suna maci.

Abin da ya sa nake ganin girman mai shirya fim ɗin, Yoshiyuki Tomino, shi ne bai bar tarkacen nan ba suna ba. An haife shi a 1941, ya buɗe ido cikin ƙasar da yaƙi ya ragargaza, kuma ƴan kallo sun yi mishi laƙabi da Tomino mai kashe kowa. Ku bi ni mu ƙirga yaran Char na kashin farko-farko.

Kashi na 1. Char ya aika Zaku uku su leƙo asirin wani gari na sama, leƙe kawai, an hana su taɓa komai. Cikin su akwai sabon shiga, Gene. Ya hangi kayan tarayya a fili ba mai tsaro sosai, sai zuciya ta ɗebe shi. Hujjar da ya ba shugabansa ita ce ai shi ma Char a fagen daga ya yi suna ya samu girma. Ya buɗe wuta cikin gari, fararen hula suka mutu birjik, har da dangin wata yarinya maƙwabciyar Amuro. Wanga ɓarna ce ta tura Amuro cikin Gundam. Minti kaɗan bayan nan Gene na gudu yana neman hanyar fita, aka sare shi ta baya da takobin wuta. Zakunsa ya fashe ya huda bangon garin, iska ta zuƙe mahaifin Amuro ta yi waje da shi. Shugaban nasa Denim, wanda ya yi ta hana shi, ya zo ɗaukar fansa, aka soke shi daidai inda yake zaune. Wato matuƙi na farko da ya mutu cikin wanga labari mai tsawo, wanda ake ta ci gaba da shi sama da shekara 40, yaro ne da ya so ya zama Char.

Kashi na 2. Na ukunsu, Slender, wanda ya tsira ya kai rahoto, Char ya ce ya biyo shi su koma. Ya nuna tsoro, don makami ne da bai taɓa gani ba. Char ya kwantar mishi da hankali, ya ce in dai bai same ka ba ai ba komai. Harbi ɗaya ya same shi. Char ya kauce, shi bai iya kaucewa ba.

Kashi na 5 ne ya fi tsaya mini. Ana faɗa daidai lokacin da jirage ke shigowa iskar duniya, inda zafi ke narka duk abin da ba a yi don haka ba. Wani matuƙi mai suna Crown ya makara bai koma jirgi ba, nauyin ƙasa ya ja shi. Zakunsa ya fara yin ja, wanga karon ba fenti ba, wuta ce. Yana kiran Char a rediyo yana roƙon ya cece shi. Char na zaune lafiya cikin jirgi, ya san ba abin da za a iya, abin da ya samu ya faɗa shi ne mutuwar tasa ba ta banza ba ce, tunda ya ja Gundam ya shigo wutar tare da shi. Gundam kuwa na da abin kare zafi. Ya sauka lafiya lau.

Na mayar da wurin nan baya ya fi sau uku. Muryar yaron ce ke dawo da ni. An ɗauki ɗan wasa an biya shi ya yi wanga kuka, don robon da a wani fim da sai dai ya fashe a wuce.

Kuma duk wanga biyayya da suke mishi, shi Char ba don Zeon yake yaƙi ba. Sunansa na gaskiya Casval, ɗan mutumin da ya kafa ƙasar ne, wanda ake zargin gidan Zabi da kashewa. Takunkumin na ɓoye fuska ne har ya gama da su ɗaya bayan ɗaya. A kashi na 10 ya yaudari abokinsa na makarantar soja, Garma, autan gidan, ya ba shi rahoton ƙarya ya tura shi bakin bindigogin abokan gaba, yana dariya a rediyo. Da Garma kaɗai ya mutu da sai a ce tsakaninsu ne. Jirgi ne guda cike da sojoji ya tafi da shi. Shi kuma wan mamacin ya mai da jana'izar dandalin farfaganda, ya tara dubban mutane suna ɗaga hannu suna ihu, Char na zaune a mashaya yana kallo a tele.

Bari in ɗan ratse, don akwai tambayar da wani bakanike abokina ya yi mini da na nuna mishi hoton: wane mahaukacin soja zai hau abu mai tsayin bene hawa shida, wanda za a hango daga garin gaba? Gaskiyarsa. Masu fim ɗin ma sun san haka, shi ya sa suka ƙirƙiro wata ƙura da ba a gani, suka sa mata sunan wani masanin ƙarya, Minovsky. In an watsa ta, na'urar hango jirage ta makance, rediyo ba ya zuwa nesa, makami mai linzami ya rasa hanya. Dole sai an matso an ga juna da ido, shi ya sa gatari da takobi suka dawo. Sai da suka yi ma kimiyya ƙarya kafin jarumta ta samu wurin tsayawa. Yaƙin gaske kuwa can ya nufa wani gefen. Mu nan mun ga jirage marasa matuƙa, mun san sansanin da Amurka ta gina a Agadez ta kuma bar shi a 2024. Mai danna maɓallin na iya kasancewa a wata nahiya da kofin shayinsa a gefe. Babu mai shafa ma wanga jirgi ja, ba wanda zai gani balle ya ji tsoron suna.

Yanzu ga inda abin ya zama abin dariya mai ciwo. Fim ɗin nan, kuɗin masu sayar da kayan wasan yara ne ya yi shi, wani kamfani mai suna Clover. Su suka matsa aka ƙara ma Gundam shuɗi da ja da rawaya don ya ja idon yara. Zaku kuwa, tunda na abokan gaba ne, ba su yi niyyar sayar da shi ba, sai suka bar mai zane ya yi abin da ya ga dama, shi ya sa ya fito da kamar kayan soja na gaske. Fim ɗin bai karɓu ba da farko. An shirya kashi 52, aka datse shi ya tsaya a 43, ya ƙare a Janairun 1980. Bayan wata shida wani kamfanin, Bandai, ya fara sayar da ƙananan robobin roba da mutum ke harhaɗawa da kansa, yen 300 guda. Kasuwa ta fashe. An sayar da ɗaruruwan miliyoyi daga lokacin zuwa yau. A 2009 aka kafa Gundam mai cikakken tsayi, mita 18, a Tokyo, mutane suka yi ta tururuwa. A 2013 Toyota ta fitar da wata mota ja da sunan Char. Mutumin da ya tura abokinsa ga mutuwa yana dariya, shi ne aka yi tallar mota da shi. Ban taɓa jin an yi ko da mabuɗin mota da sunan Crown na kashi na 5 ba.

Ba sai an je Tokyo ba ma. Ɗan ƙanwata, shekararsa 12, ya leƙa wayata ya ga kashi biyu-uku, shi ke nan ya kamu. Yaron na da hannu, shi ke yi ma yaran unguwa motar langa-langa. Cikin kwana biyu ya haɗa Zaku da gwangwanin madara da na tumatir da waya, ya sa murfin kwalba a matsayin ido, har da ƙahon. Ya saci jan farcen uwarsa ya shafe shi tas, ya sha faɗa. Abokansa suka gani, kowa ya ce a yi mishi. Da na je gidan na tarar da guda bakwai jere a gindin bango, duk ja, duk da ƙaho.

Na ce, “Kai, duk kumandoji ne? Ina sojojin?”

Ya ce, “Kawu, ai ba wanda ya yarda a yi mishi kore. Kore mutuwa suke yi.”

Na ce to wa kuke yaƙa? Ya nuna mini wasu gwangwanaye da suka lotse, ba kai ba hannu, an zubar can gefe. Su ne koren.

Yaro ne, wasa yake, ban ce mishi komai ba. Amma ina tafiya gida ina tunanin waɗanda suka girme shi da shekara huɗu ko biyar. Duk wanda ke zaune kusa da iyaka, ta Madarunfa ko Gidan Runji, ko yake da dangi a Diffa ko Tillaberi, ya san yadda ake jan yaro zuwa daji. Ba a ce mishi zo ka mutu. Babur ake nuna mishi, da bindiga, da waya mai tsada, da wani wanda ya yi suna har ana tura hotonsa da muryarsa a WhatsApp, ana ambatonsa ana rage murya. Yaron da ko kuɗin shayin fada ba ya da shi, ya ga mutum ɗaya da duniya ke tsoro, ya ce ai shi ma da bindiga ya samu. Maganar Gene ce sak. Shi mai sunan yana da inda yake ɓuya da wanda ke kawo mishi labari. Wanda aka ba babur jiya shi ake turawa gaba.

A ɗaya gefen kuma, na masu kakin da ke tsaron mu, abin da ke iso mana lamba ce. Inates, Disamba 2019, sojoji 71. Shinagodar, Janairu 2020, 89. Allah ya jiƙan su da rahama. An yi zaman makoki, an sauke tuta. Amma in ba gidanku aka kawo gaisuwa ba, mutum nawa cikinsu za ka iya kiran sunansa yau? Ni dai na san sunayen sojojin katun huɗu da suka mutu a 1979.

Akwai wani ɗan gajeren fim cikin jerin, kashi 6 kacal, da aka fitar a 1989, ba Tomino ya shirya shi ba, Fumihiko Takayama ne. Sunansa na nufin yaƙi a cikin aljihu. In mutum zai kalli abu ɗaya kawai daga duk tarin nan, wanga nake ba shi shawara. Babu Char a ciki. Yaro ne ɗan shekara 11, Al, a wani gari na sama da ba ruwansa da yaƙin. Shi da abokansa na lakwal ba su da hira sai ta robobi da lambobin soja, kamar dai yaran gindin bangon can. Wata rana faɗa ya shigo garinsu, wani Zaku ya faɗo a daji, Al ya bi shi da gudu da kyamararsa yana murna. Matuƙin, Bernie, ɗan shekara 19 ne, sabon shiga. Don ya burge yaron sai ya ce mishi saura robo ɗaya ya kakkaɓo ya shiga sahun gwanaye. Ko ɗaya bai taɓa kakkaɓowa ba.

An sa Bernie cikin wata ƴar tawaga da aka aiko ta lalata sabon Gundam da aka ɓoye a garin. Aikin ya ɓaci, duk manyan suka mutu, ya rage shi kaɗai. Sai labari ya zo cewa in ba a lalata Gundam ɗin ba kafin Kirsimeti, wani hafsan Zeon zai halaka garin duka da makamin nukiliya. Bernie ya samu hanyar gudu, har ya kai tashar jirgi, ya juyo. Shi da Al suka gyara tsohon Zakun nan da ya faɗo, da tarkacen da suka tsinto, ba bindiga, sai gatari da ƴan nakiyoyi da dabara. Abin da su biyun ba su sani ba, matuƙin Gundam ɗin ita ce Chris, budurwar da ke maƙwabtaka da su Al, wadda Bernie ke so, ita ma take son shi. Ita ma ba ta san wa ke cikin Zakun ba.

Ran da za a yi, Al ya ji daga bakin mahaifinsa cewa an riga an kama jirgin da ke ɗauke da nukiliyar. Ba sauran dalilin faɗa. Ya ruga yana ihu a tsaya, wa zai ji muryar yaro ƙarƙashin ƙarfe mai mita 18? Gatarin Bernie ya cire kan Gundam, takobin Chris ya shiga ƙirjin Zaku. Masu ceto da suka leƙa ciki suka ce ba abin da za a ɗauka. Al na tsaye ya ga an fito da matuƙin Gundam a sume, ya ga fuskarta. Bayan ta warke aka canza mata wurin aiki, ta zo sallama, ta ce ya gaida mata Bernie. Ya ce to.

Yaƙi ya ƙare, aka koma lakwal. Shugaban makaranta na jawabi a fili kan zaman lafiya, sai Al ya fashe da kuka cikin layi. Abokansa biyu suka matso suna lallashinsa. A zatonsu kukan ƙarewar yaƙi yake, sai suka ce ya yi haƙuri, ba da daɗewa ba za a sake wani, wanda ya fi wanga girma da armashi.